Zumar Teburin Mai Shayi

Talata: daga gida zuwa tashar Mando

Ladanin unguwarmu bai ko gyara murya ba Hajara ta girgiza mini ƙafa, ta ce in tashi mota ba ta jiran manaja. Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, Hajara matata ce, kuma ita ce mai ɗan kamfanin zumar da muke ɗurawa a kwalabe a bayan gidanmu da ke Kawo. Ni a takarda manaja ne. A aikace kuwa ni ne mai wanke kwalba, mai liƙa tambari, kuma ni ake turawa duk inda hanya ba ta da kyau.

Dalilin tafiyar shi ne wannan. Wani kamfani a Legas mai fitar da kaya ƙasashen waje ya yarda zai riƙa sayen zumarmu, in mun cika ƙa'idojinsa. Hajara ta yi shekara biyu tana cika su. Ta yi rajista, ta kai zuma ɗakin gwaji, ta samo takardar masu duba abinci, ta haddace lambar da kwastan suka ba zuma fiye da yadda ta haddace lambar wayata. Abu ɗaya ya rage, wato shaidar inda zumar take fitowa. Turawan da za su sha suna son ganin kowace amya a taswira, da hotonta, da abin da ke kewaye da ita. Don haka muka sayi wata manhaja da Injiniya Bulus ya ƙirƙira saboda ƙananan 'yan kasuwa irinmu, Hajara ta sa ta a babbar waya, ta aika wa masu zumarmu da ke bayan Birnin Gwari. Aikinsu kawai su tsaya gindin itacen da amya take, su danna, su ɗauki hoto.

Sun danna kuwa. Sai ga saƙo daga Madam, matar da ke tantance kaya a kamfanin na Legas. Ta ce amyoyinmu sama da sittin duk a ɗigo ɗaya suka faɗo. Da ta buɗe hoton sama don ta ga wane irin daji ne wannan mai albarka, sai ta ga rumfar kwano da benci biyu. Ta bincika, aka ce mata teburin mai shayi ne. Ta tambaya cikin ladabi irin na mutanen ofis, wanda ya fi zagi ciwo, ko za mu yi mata bayanin yadda zuma ke fitowa daga inda ake ajiye buhun sukari. Ta ba mu zuwa yammacin Juma'a. In ba mu gyara ba za su soke cinikin, su kuma sa sunan kamfaninmu cikin waɗanda ake zargi da algus.

Ban taɓa ganin Hajara ta yi kuka a kan kuɗi ba, amma ranar ta yi kuka a kan sunanta. Wannan ne ya sa na sa takalmi ban yi gardama ba, duk da cewa gardama ita ce sana'ata ta gado.

A tashar Mando na tarar da Injiniya Bulus yana jirana, ya rungume jakar kwamfuta a ƙirji, ya sha rigar sanyi a tsakiyar bazara. Na tambaye shi ko zazzaɓi yake yi, ya ce a'a, ya karanta ne cewa daji akwai sauro. Mutum ne mai kirki, amma duk iliminsa na daji a waya ya same shi.

Mando zuwa Birnin Gwari

Mun shiga Golf, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Gari na wayewa muka ɗauki hanya. Kilomita ɗari da 'yan kai ne, amma ramukan hanyar sun sa kowace kilomita sai ka san ka taka ta. Direbanmu, Ɗan'asabe, yana tuƙi yana gaisawa da ramukan da suna. Akwai wani da ya ce sunansa Surukina, domin bai taɓa wucewa ta gabansa bai rusuna ba.

A Buruku muka tsaya muka sayi ƙosai da koko. Injiniya ya ce ba zai ci ba sai ya san da wane mai aka soya. Mai ƙosan ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Da man jirgi." Ya saya ya ci, har ya ƙara.

Daga nan daji ya fara rufe hanya, motar ta yi tsit. Duk wanda ya san wannan hanya a shekarun baya ya san dalilin shirun. Yanzu an ɗan sami sauƙi, motocin katako da na gawayi suna ta wucewa, amma har yau fasinja ba ya gyangyaɗi tsakanin Udawa da Kuriga. Wata tsohuwa da ke kusa da ni tana jan carbi, Injiniya yana motsa baki da tasa addu'ar, ni kuma ina amin ga duka biyun, don ban san wadda za ta riga isa ba.

A wani shingen sojoji aka ce mu sauke gilashi. Sojan ya leƙo, ya ga jakar Injiniya.

"Mene ne a ciki?"

Injiniya ya gyara zama ya fara bayanin manhaja, da taswira, da ƙa'idojin fitar da kaya. Na taka masa ƙafa na ce, "Ranka ya daɗe, zuma muke nema."

"Ta gaskiya?"

"Abin da za mu je mu tabbatar ke nan."

Ya yi dariya ya ce in mun samo mu tsaya a dawowa mu gaya masa, tsohuwarsa ta daɗe tana nema. Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A hanya na tsare Injiniya da tambaya, domin ni tun a gida na yanke hukunci cewa laifin manhajarsa ne. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ba ta buƙatar sabis kafin ta kama wuri. Ko a tsakiyar daji aka danna za ta ajiye, in an zo inda akwai sabis ta tura. Ya ce da bakinsa ya yi wa masu zumar wannan bayani ta waya, har sau uku, kuma duk sun ce sun gane. Na ce masa ai nan ya yi kuskure. Mutumin ƙauye in ya ce maka ya gane tun a karon farko, to ya riga ya yanke abin da zai yi ne.

Mun isa Birnin Gwari kafin azahar, muka sauka a gidan kawun Hajara a Magajin Gari. Aka ba mu ɗakin soro, aka kawo tuwon masara da miyar karkashi. Kawu ya saurari labarinmu har ƙarshe, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce mu huta, gobe zai sa 'yan acaɓa biyu da ya yarda da su su kai mu. Ya ƙara da cewa in mun je kada mu fara da faɗa, domin Baba Tanko, sarkin zumar wurin, ya fi ƙudansa harbi.

Laraba: a teburin Ila

Bayan karin kumallo muka hau babura muka bi hanyar da ta nufi wajen Kakangi. Ba mu yi nisa can ba muka ratse zuwa wani ƙauye da ke kan tudu. Tun daga nesa na gane wurin, saboda na sha kallonsa daga sama a wayar Hajara: rumfar kwano, benci biyu, da bishiyar mangwaro a baya.

Mai shayin sunansa Ila, gajere, mai fara'a, irin mutanen da ke yi maka ɓarna suna jiran godiya. Da ya ji daga Kaduna muke, daga wurin Hajiya mai zuma, sai ya share benci da hularsa.

"Maigida, ai ni ne na yi muku aikin nan duka! Kun ga ya yi kyau?"

Na haɗiye abin da ya zo bakina na ce ya nuna mini yadda ya yi. Ya kai ni wurin wata ƙusa da ke jikin ginshiƙin rumfar. A duk ƙauyen, in ji shi, a kan wannan ƙusa kaɗai sabis yake sauka. Wayar da Hajara ta aiko musu a nan take rataye dare da rana, shi ke yi mata caji. Duk mai zumar da ya zo shan shayi sai ya faɗi yawan amyoyinsa, Ila ya danna masa sau adadin.

"To hotunan fa?" in ji Injiniya.

Ila ya zagaya da mu bayan rumfa. A reshen mangwaron nan ga wata tsohuwar amya an ɗaure, ƙasa-ƙasa yadda hannu zai kai. Ita ce ya ɗauka sama da sau sittin, ta gabas, ta yamma, da safe, da yamma, wani lokaci ya yafa mata ganye don ta canza kama. Na miƙa hannu zan taɓa, sai wata kaza ta fito daga ciki da kyarkyara. Ashe a nan take ƙwai. Injiniya ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni kuwa dariya da takaici suka haɗu mini, na rasa wanda zan fara saki.

Kafin shayinmu ya huce masu zumar suka taru, su goma sha biyu, Musulmi da Kirista, duk 'yan asalin gari ɗaya. A tsakiyarsu ga Baba Tanko, dogon tsoho, hannuwansa duk tabon harbi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya da yara da kwalabe. Sannan na faɗi abin da ya kawo mu, har da batun sukari.

Wurin ya hargitse. Baba Tanko ya buga sandarsa a ƙasa. "Sukari? A zumana? Wace ce wannan Madam ɗin, a kawo mini shi nan!"

Na ce, "Baba, ba laifinta ba ne. Ku kuka nuna mata teburin shayi. Me ya hana ku danna a gindin itace?"

"Babu sabis."

Injiniya ya miƙe ya maimaita bayaninsa karo na huɗu. Suka saurara da kyau, suna gyaɗa kai, sannan wani mai suna Malam Iro ya ce ai sun gane tun farko.

"To me ya hana?"

Baba Tanko ya nuna Malam Iro da haɓa. "Ka ga wannan? In na sa amyoyina a waya, waya kuma yana rataye a ƙusan Ila, kafin sati zan tarar da saƙa ba zuma. Tun kakanninmu mai zuma ba ya nuna ma ɗan'uwansa itacensa."

Malam Iro ya ce shi ko kyauta aka ba shi zumar Baba ba zai sha ba, ƙudan Baba ma tsofaffi ne, ba su da haƙori. Aka kwashe da dariya. Injiniya ya yi musu bayanin cewa kowa zai iya samun lambar sirrinsa, ba mai ganin na wani sai kamfani. Suka yaba ƙwarai da wannan dabara, amma ba wanda ya ce zai kai mu.

Raina ya fara ɓaci. Na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Ya ce, "Ai mu ba mu ce za mu yi wanka ba."

Aka sake dariya, ban da ni. Na gaya musu gaskiya ba ado: jibi da yamma za a rubuta sunan Hajara cikin masu algus, matar da ba ta taɓa rage musu mudu ba, ba ta taɓa cewa su dawo gobe ba. Na ce in sun ga hakan daidai ne, to mu sha shayi mu watse.

Dariyar ta ɗauke. Baba Tanko ya ajiye kofinsa ya ja ni gefe, bayan mangwaron, inda kazar ke hararar mu.

"Ɗana, maganan Iro wasa ne. Iro ya san kowane itace nawa, ni ma na san nashi. Abu biyu ne. Na ɗaya, wanda ya shiga dajin nan da babban waya yana ɗaukan hoto, in aka gan shi, ba za a tambaye shi ko na zuma ne ba. Na biyu kuma, inda amyoyin suke ba wurin da muke son kai baƙo ba ne."

"Ina ne, Baba?"

"Gobe da sassafe ka gani. Ka ce ma abokinka ya cire rigan nan, ya sa wayan a buhu."

Muka koma Birnin Gwari muka kwana. Injiniya bai ci tuwon kirki ba, ni ma dai hannu kawai na sa.

Alhamis: inda amyoyin suke

Rana ba ta yi zafi ba muka bar teburin Ila a kan babura uku: Baba Tanko da Malam Iro a gaba, ni da Injiniya a baya, waya a cikin buhun taki. Tun jiya Baba ya aika an tambayi lafiyar hanya, aka ce ba komai. Muka bi turba cikin kaɗanya da ɗorawa, muka tsallaka busasshen rafi, ciyawa na dukan gwiwoyinmu. Tafiyar kamar ta awa guda ce, amma ni na ga kamar ta fi haka.

Na zaci wani surƙuƙin daji za a kai mu. Sai kawai na ga katanga. Bayanta wata, bayanta wata. Ɗakuna ba jinka, rumbuna sun fashe, turmi a kife a tsakar wani gida, kabewa ta haye bangon masallaci, ɗan cocin da ke gefensa ba ƙofa. Kuma ko'ina ka ɗaga kai amya ce: a kan tsamiyar dandali, a kan mangwaron kowane gida, a kan kukar bakin rijiya. Ƙugin ƙudan zuma ya cika garin, ban da shi ba ka jin komai.

Malam Iro ya ce mini a hankali, da suka tashi shekarun baya ba su iya ɗaukar komai ba. Da hanya ta fara lafawa suka riƙa satar jiki suna zuwa duba gidajensu, sai suka ga tafiyar banza ba ta da daɗi, kowa ya ɗaura amya a itacen gidan ubansa. Shi ya sa ba a sata, domin kowa ya san gidan kowa.

Injiniya ya fito da waya daga buhu, muka fara aiki. Gida-gida muke bi, Baba na faɗin mai gidan, Injiniya na dannawa, ina ɗaukar hoto. Wannan gidan Iro ne, wannan na Ayuba makaɗi, wannan na gwauruwar da ke sayar da daddawa, ɗanta ne ke da amyar yanzu. Ɗigo suka warwatsu a taswira yadda Madam take so. Har na fara jin daɗi, ina tsokanar Malam Iro cewa amyarsa ta karkace kamar hularsa.

Da muka gama, manhajar ta kawo tambayoyin ƙarshe. Da murya take yi, cikin Hausa, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Muna tsaye a tsakar gidan Baba Tanko.

"Akwai gonar da ake yi wa feshi kusa da nan?"

Baba ya ce babu, rabon da a sa garma a nan an daɗe.

"Akwai bola, ko hayaƙin inji, ko babbar hanyar mota?"

Babu.

"Akwai mutane da ke zaune a wurin?"

Injiniya ya dube ni, na dubi ƙasa, ya danna babu. Sai wayar ta rangaɗa guɗa. Guɗa sosai, irin ta kai amarya, Injiniya ya sa ta ne don ta faranta wa manoma rai in kayansu sun ci jarrabawa. Ta karaɗe kangon nan, muryar ta biyo baya da murna: "Madalla! Wannan wuri daji ne, babu mazauna. Zumarku ta sami daraja ta ɗaya."

Injiniya ya rikice yana neman inda ake rage murya, wayar ta kusa faɗuwa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga shi ba ni na yi guɗar ba.

Baba Tanko ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce zumarku ta fi ta kowa, Baba."

"Kafin wannan."

Ya ce ya ji da kunnensa, so yake in maimaita. Na maimaita.

Ya nuna wani ɗaki da rabinsa ya zube. "A nan aka haife ni. Bayan katangan can ubana yake kwance, da uwana, da 'ya'yana biyu. Wannan ne daji?"

Injiniya ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Kamfanin Legas rukuni uku kawai ya tanada: gona, gari, daji. In aka bar shi a daji, takarda za ta wuce yau ba tambaya. In aka sa gari, darajar za ta sauka zuwa ta biyu, farashi ya ragu, kuma sai Madam ta zauna ta duba da kanta, wataƙila ta gama kafin Juma'a, wataƙila ba ta gama ba. Ya ce in ya koma zai roƙe su a ƙara rukuni na huɗu, a kira shi kufai.

Baba ya ce, "Kufai inda aka bari ne. Mu ba mu bari ba."

Haƙurina ya ƙare, domin fuskar Hajara nake gani. Na ce, "Haba Baba, kalma ce fa kawai!"

"To in kalma ne kawai, ku canza shi mana."

Ya juya ya tafi gindin tsamiya ya zauna, ya ba mu baya. Bai ce zai hana mu zuma ba, bai yi barazanar komai ba. Da ya yi, da na sami abin faɗa. Injiniya ya miƙo mini wayar ya ce ni ne manaja. Shekara da shekaru ana kirana manaja, ban taɓa yanke ko launin murfin kwalba ba, sai yau, a inda babu sabis ɗin da zan kira mai kamfani.

Na gyara riƙon wayar. Na dubi Malam Iro, na ga yana share ganye daga bakin ƙofar gidansu da ƙafa, ƙofar da babu ɗaki a bayanta. Na danna gari. A wurin ƙarin bayani na sa Injiniya ya rubuta da Turanci cewa gari ne, mutanensa ba sa nan a yanzu, ba a noma, ba a feshi, ga hotuna. A wurin sunan garin Baba ya taso da kansa ya faɗa, ya sa aka karanta masa sau biyu. Ba zan rubuta sunan a nan ba, don ya ce a kwalba kawai ya yarda a sa.

Da azahar muka dawo teburin Ila, aka rataya waya a ƙusa, saƙo ya tafi. Na kira Hajara na karanta mata abin da na aikata, tun daga guɗa har zuwa daraja ta biyu. Sannan ta ce, "Ka dawo gida tukuna." Duk mai aure ya san wannan magana ba ta da fassara mai daɗi.

Juma'a: komawa gida

Kawu ya raka mu tasha da sassafe, da galan ɗin zuma da Baba Tanko ya aiko. Muka sake samun Ɗan'asabe. A shingen nan na cika alkawari, na zuba wa sojan a gorar ruwa ya kai wa tsohuwarsa. Har muka kai Buruku Injiniya yana ta rubutu a kwamfuta a kan gwiwa. Da na leƙa ya ce guɗar yake cirewa.

Na shiga gida ana kiran sallar Juma'a. Hajara ta karɓi galan, ta ɗanɗana da yatsa, ta kawo mini abinci. Na je masallaci na dawo, har yanzu Madam ba ta kira ba. Muka zauna a tsakar gida, waya a kan tabarma tsakaninmu, kowa na yi kamar ba ita yake kallo ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ka danna daji, da na ci riba, da kuma na kasa haɗa ido da tsohon nan har abada. Amma bambancin farashin daga albashinka zan cire." Na tuna mata ba ni da albashi. Ta ce to za a fara ba ni don a sami abin cirewa.

Bayan la'asar Madam ta kira. Ta karɓi kayan a daraja ta biyu, ta janye maganar algus, har ta ba da haƙuri. Hajara ta ajiye waya ta shiga ɗaki, na ji tana hamdala da ƙarfi.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Kawu da iyalinsa, da Ɗan'asabe, da 'yan acaɓan da suka shiga da mu inda ba dole ne su shiga ba, da Injiniya Bulus wanda ya jure bakina kwana huɗu. Ila ma na gode masa, duk da dai na roƙe shi ya tsaya a kan shayi.

Saura abu ɗaya. Kafin Madam ta kashe waya ta ce labarin garin ya burge mutanensu na waje, suna son a aiko da hoton mutanen garin tsaye a dandalinsu, manya da yara, a buga a jikin kwalba. Ta ce ta karanta bayanin da muka rubuta, amma ta ɗauka ƙaura ce irin ta cin rani. Hajara ta ce mata za mu tambaya. Na kira lambar Ila, aka aika aka kira Baba Tanko, na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni. Ina jin ƙarar cokali a kofi, da kazar nan tana kyarkyara.

Sannan ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata ta yi haƙuri, mutanen garin sun ɗan fita ne. In sun dawo za mu aiko."